Wace Manhajar Rubutu Ya Kamata Mai Son Makro Ya Zaɓa?

Makro jerin umarni ne da manhajar rubutu take naɗewa yayin da mutum yake aiki, sannan ta maimaita su duk lokacin da ya buƙata, kamar cire tazarar da ta yi yawa tsakanin kalmomi ko daidaita girman kanun rubutu a takardu masu yawa.

Ni dai Microsoft Word na kan kwamfuta nake ba da shawarar a saya. Ana shiga View, a zaɓi Macros, a danna Record Macro, a ba shi suna, a yi aikin sau ɗaya a tsanake, sannan a danna Stop Recording. Daga nan Alt+F8 zai fito da jerin makro ɗin da aka adana. Abin da ya fi burge ni shi ne, duk abin da aka naɗa yana komawa layukan VBA, harshen rubuta umarnin kwamfuta na Microsoft, waɗanda ake iya buɗewa da Alt+F11 a karanta, a gyara, don haka mai koyo yana ganin yadda kowane mataki ya zama umarni. Sai dai ba ya naɗar zaɓen rubutu da linzamin kwamfuta, dole a yi amfani da maɓallai. Word na intanet da na waya kuwa ba sa gudanar da makro.

LibreOffice Writer kyauta ce, amma sai an kunna naɗar a saituna, kuma abin da take rubutawa yana da wuyar gyara. Google Docs ba ta naɗa ma sam, sai an rubuta makro ɗin da Apps Script, harshen rubuta umarni na Google.

Inda nake son a buɗe ido sosai shi ne batun tsaro, domin ƙarfin makro shi ne haɗarinsa. A shekarar 1999 cutar kwamfuta mai suna Melissa ta bazu ta takardar Word, tana tura kanta ga mutum 50 na farko a jerin adireshin imel. A 2022 Microsoft ta fara toshe makro a fayilolin da aka sauko da su daga intanet. Duk takardar da ta zo ta imel tana cewa sai an danna Enable Content (maɓallin da yake ba makro damar aiki) kafin a ga rasit ko takardar ɗaukar aiki, a ɗauke ta tarko ce, musamman idan sunanta ya ƙare da .docm, wato nau'in fayil ɗin Word mai iya ɗaukar makro. Haka nan a guji kwafin Office (tarin manhajojin Microsoft da Word yake ciki) na bogi da lambobin lasisi masu arha fiye da hankali, domin kwafin da aka fasa sau da yawa ba ya samun gyaran tsaro, wani ma da cutar a cikinsa yake zuwa.