Ozzie Smith da Rabbit Maranville: hom ran 28 kowannensu, amma hanyar kowa daban

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske akwai 'yan wasan besbol da suka shiga Hall of Fame, zauren gwarzayen wasan da ke garin Cooperstown a jihar New York, alhali duk tsawon rayuwarsu ba su buga hom ran ko 30 ba, kuma idan akwai, me suka yi da ya kai su can. Akwai su, kuma ba ɗaya ba ne ba biyu ba. Ray Schalk 11 gare shi, Johnny Evers 12, Lloyd Waner 27, Richie Ashburn 29. Ka ajiye wannan kusa da 714 na Babe Ruth ko 755 na Hank Aaron, ka ga tazara. Amma mutum biyu zan jera maka, don wurin da suka tsare a fili ɗaya ne, adadinsu ma ɗaya: Rabbit Maranville da Ozzie Smith, kowa 28.

Ga wanda bai saba da wasan ba, hom ran shi ne bugun da mai sanda zai yi ya zagaye duka tashoshi huɗu ya dawo gida, galibi saboda ƙwallon ta tsallake katanga. Su biyun kuwa shotstop ne, wato mai tsaron tsakanin tasha ta biyu da ta uku, inda ƙwallon da ke bin ƙasa ta fi yawan bi. Wanda aka ajiye a nan, hannunsa da ƙafarsa ake saye kafin sandarsa.

Maranville ya fara a 1912 da Boston Braves, ya ajiye a 1935. Gajere ne ƙwarai, ƙafa biyar da inci biyar. Shekarunsa na farko sun faɗo a zamanin da ake kira na matacciyar ƙwallo: ƙwallo ɗaya ake ta bugu har ta yi baƙi ta yi laushi, masu jifa na shafa mata yawu, filayen kuma manya. A lokacin, Frank Baker, wanda hom ran ɗin ce ma ta zama laƙabinsa, bai taɓa wuce 12 a kaka ɗaya ba. Don haka ƙarancin na Maranville a farkon aikinsa ba abin magana ba ne, kowa haka yake. Abin da ya ɗaga sunansa shi ne 1914, shekarar da Braves ke can ƙarshen teburi a farkon watan Yuli, suka taso suka cinye gasar, sannan suka doke Philadelphia Athletics wasa huɗu a jere a World Series, wato wasannin ƙarshe na fitar da zakaran shekara. Yana da wata irin cafka tasa: ƙwallo na saukowa daga sama, sai ya bar hannuwansa a daidai ƙugu, ta faɗo ciki kamar an jefa a kwando.

Sai dai daga 1920 wasan ya canja. Aka hana shafa yawu, aka riƙa sauya ƙwallo da zarar ta yi datti, Ruth ya buga 54 a wannan shekarar, ya buga 60 a 1927. Maranville bai bi wannan guguwa ba ko kaɗan. A 1922, yana Pittsburgh, an lissafa masa tsayuwar bugu 672 ba tare da hom ran ko ɗaya ba. Matsakaicin bugunsa na duk rayuwa .258 ne, wato a cikin kowace tsayuwa 1,000 sau 258 bugunsa ke kai shi tasha lafiya, kuma a shekarun 1920 da 1930, da ake ta samun masu .300 birjik, wannan ƙasa yake. Abin da ya riƙe shi kaka 23 shi ne tsaro da juriya, ya kuma tara bugu 2,605 masu kai mutum tasha lafiya.

Ozzie Smith kuwa ba shi da uzurin zamani. Daga 1978 zuwa 1996 ya yi wasa, lokacin da masu 30 da 40 a kaka ɗaya suke ko'ina. Nan ne nake ganin lamarinsa ya fi ban mamaki. Tun watansa na farko da San Diego Padres ya nuna ko shi wane ne. Jeff Burroughs na Atlanta ya buga wata mai zafi ta tsakiya, Ozzie ya yi tsalle ya miƙe a iska ta hagunsa, sai ƙwallon ta daki ƙasa ta canja hanya ta bi ta bayansa. Yana cikin faɗuwa ya miƙa hannun dama, wanda babu safa, ya cafke ta, ya tashi ya jefa tasha ta farko ya fitar da mutumin. Duk wanda ya ga hoton bidiyon nan sau ɗaya sai ya maimaita.

Da ya koma St. Louis Cardinals a 1982, ya tarar da kocin da ya dace da shi, Whitey Herzog, wanda ya gina ƙungiya a kan gudu da tsaro a fili mai faɗi mai ciyawar roba. Suka ci World Series a shekarar. Ozzie ya karɓi kyautar Gold Glove ta gwanin tsaro sau 13 a jere, daga 1980 zuwa 1992, ya saci tasha, wato ya ruga zuwa ta gaba ba tare da an buga ƙwallo ba, sau 580, ya kuma yi jifa 8,375 da suka fitar da abokan hamayya, adadin da babu shotstop ɗin da ya kai. Kamar yadda mai tsaron raga a ƙwallon ƙafa ke ceton ƙungiya ba tare da ya ci ko ɗaya ba, haka Ozzie ke kwashe wa abokan hamayya maki tun kafin su shiga allo. A 1987 bai buga hom ran ko ɗaya ba, amma shi ya zo na biyu a zaɓen gwarzon ɗan wasan National League, ɗaya daga cikin manyan gasannin besbol biyu na Amurka, bayan Andre Dawson mai 49.

Ban da 28 ɗin nan nasa akwai guda da St. Louis ba ta manta ba, ita ba ta cikin lissafin, tunda a wasannin share fagen World Series aka yi ta. Oktoban 1985, wasa na biyar da Los Angeles Dodgers, zagaye na tara, wato na ƙarshe, 2 da 2. Ozzie ta dama da ta hagu duk yana bugu, kuma ta ɓangaren hagu ya yi tsayuwa sama da 3,000 bai taɓa tsallake katanga ba. Ranar ya tsallake, a kan jifan Tom Niedenfuer, wasa ya tashi 3 da 2.

Yadda suka shiga zauren ma ya bambanta. Ana bukatar kashi 75 cikin 100 na ƙuri'un marubutan wasan. Ozzie ya samu sama da kashi 91 a karonsa na farko, 2002. Maranville ya shafe shekaru sunansa na kan takarda, sai a Janairun 1954 aka zaɓe shi, 'yan makonni bayan rasuwarsa, a zaɓen da Joe DiMaggio mai hom ran 361 bai kai ba sai a shekarar da ta biyo.

Idan ra'ayina kake so, ɗan'uwa, Ozzie na gaba da nisa. Maranville ya cancanci girmamawa, mutum ne da ya karya ƙafa a 1934 yana da shekara 42 kuma ya yi ƙoƙarin dawowa fili, amma na fahimci masu cewa farin jininsa da tausayin rasuwarsa sun ƙara masa ƙuri'a. Ozzie kuwa ya fara da rauni a bugu, ya yi ta gyara har ya kai .303 a 1987, ga gudu, ga tsaron da har yau da shi ake auna duk wani shotstop da ya taso.