Sharhi kan horon murya da shirin tantancewa da na halarta a Unguwar Rimi

Akwai wani ƙaramin situdiyo a Unguwar Rimi, nan Kaduna, da ke shirya horo a ƙarshen mako domin mawaƙa da masu sha'awar wasan kwaikwayo. Kashi biyu ne: kula da murya, da yadda ake shiga gwajin tantancewa, wato gwajin da ake yi wa mai neman a ɗauke shi waƙa ko wasa. Na biya kuɗina na halarta a tsakiyar hunturun da ya wuce, kuma tun daga nan 'yan'uwana 'yan amshi suke ta tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ta biya. Sai dai abin da aka fi kambamawa a tallar, wato haɗa mutum da furodusoshi, shi ne mafi rauni a cikin shirin. Ribar tana wajen darasin murya.

Malamar da ta ɗauke mu wannan darasi ta karanci gyaran magana da murya ne, kuma da bidiyo ta fara. An zura wa wani mutum ƙaramar kyamara, aka ɗauki cikin maƙogwaronsa yana rera waƙa. Tantanin da ke fitar da murya biyu ne 'yan ƙanana, ko a babban namiji tsawonsu bai wuce santimita 2 da rabi ba, suna haɗuwa suna rabuwa. Idan namiji yana magana sukan kaɗa wajen sau 120 a daƙiƙa guda, na mace kuwa wajen sau 200, in aka ɗaga murya a waƙa adadin ya ninka. Ɗakin ya yi tsit. Mu da muke kwana muna amshi a gidan biki, wannan ɗan naman ne yake ɗauke da abincinmu.

Daga nan ta shiga maganar zuma da citta da kanumfari, waɗanda kowane mawaƙi ya ɗauka su ne maganin murya. Wani dattijo mai waƙar yabo ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, Allah ya ƙara sani, mu fa tun muna yara da zuma muke gyara murya." Ta ce, "Baba, ku ci gaba da sha, tana sanyaya maƙoshi, amma ba ta isa inda muryar take." Ta bayyana cewa hanyar abinci daban, hanyar iska daban. Duk abin da aka haɗiye ta bayan akwatin murya yake bi ya gangara ciki, da zai taɓa tantanin nan da mutum ya ƙware nan take. Ko ruwan da ka sha sai ya bi jiki na wasu sa'o'i kafin danshinsa ya kai can, shi ya sa mai waƙa gobe tun yau yake fara shan ruwa. Abin da ke isa wurin kai tsaye shi ne tururi. Sirace da ruwan zafi zalla, ba man zafi, ba komai a ciki, kamar minti 10, a kuma kiyaye ƙuna. Na ji daɗin yadda ta amsa wa dattijon nan ba tare da ta ƙasƙanta abin da ya gada ba.

Abin da ya ƙara burge ni shi ne darasin nata na mutanen Kaduna ne. Ta san iskar hunturu busasshiya ce mai ɗauke da ƙura daga hamada, ta san yawancinmu a keke ko achaba muke zuwa daga Rigasa, Kawo ko Tudun Wada. Don haka ta ce a sa takunkumi a hanya, a riƙa shaƙar iska ta hanci, domin hanci yana tace ƙura yana kuma jiƙa iskar kafin ta sauka. Ta taɓo azumi ma: a yawaita ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur, wanda kuma yake da iko da lokacinsa ya mayar da ɗaukar murya zuwa dare.

Ta daɗe a kan ƙwannafi, kuma ya cancanta. An tashi biki tsakar dare, an tsaya wajen mai tsire an ci da yaji, an sha lemon kwalba, an je an kwanta. Ruwan ciki mai tsami ya taso ya ƙona maƙogwaro ana barci, da safe a tashi murya a dishe a ce sanyi ne. Shawararta a bar kamar sa'a 3 tsakanin cin abinci da kwanciya. Ta kuma faɗi gaskiya a kan sigari da shisha, da maganin tari mai kodin wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigowa da shi a 2018. Babu ɗayansu da ke gyara murya.

Abubuwa biyu da kusan kowa yake yi ta hana. Na farko raɗa idan murya ta dishe, domin raɗa da ƙarfi yana takura tantanin. Gara a yi shiru, ko a yi magana a hankali da muryar gaske. Na biyu yawan gyaran murya irin na share maƙogwaro, wanda yake buga tantanin da juna. A kurɓi ruwa a haɗiye ya fi. Sannan ta koya mana motsa murya da tsinken zuƙar lemo: a tsoma bakinsa cikin kofin ruwa, a riƙa hurawa a hankali ana fitar da sauti, ana hawa ana sauka. Wannan nake yi yanzu kafin in shiga ɗaukar amshi, kuma ina fitowa ba tare da raɗaɗin da na saba ji a wuya ba. Shi kaɗai ya isa ya fanshi kuɗin da na biya.

Ta rufe da gargaɗi: dishewar da ta wuce mako 3 ba ta gida ba ce, a je wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Mu a Kaduna mun yi dace, Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a garinmu take. Ta haɗa da batun kunnen kansa, cewa ƙarar da ta kai ma'aunin desibel 85 tana iya yin illa in aka yi sa'a 8 a cikinta, lasifikokin biki kuwa sun zarce haka. Wanda kunnensa ke ƙugi bayan an tashi taro, ya matsa daga gindin lasifika.

Kashi na biyu wani malami ne ya ɗauke shi, tsohon hannu a wasan kwaikwayon rediyo, sana'ar da Kaduna ta daɗe da suna a kanta. Shi aiki ya sa mu. Ka fita waje, ka shigo, ka yi sallama, ka faɗi sunanka da abin da za ka gabatar, ka fara. Ana ɗauka da waya, a haska kowa ya gani. Ya hana buɗe baki da ba da uzuri, irin su ina fama da mura ko ban shirya sosai ba, domin ka riga ka gaya wa masu tantancewa abin da za su nema a jikinka. Ga mawaƙa, baiti ɗaya da amshi sun wadatar, ba kiɗa, tunda na'urar situdiyo mai daidaita murya ba ta wurin. A kuma ɗauko waƙar daga ƙasa kaɗan, saboda fargaba tana tura murya sama, sai a je tsakiya a rasa wurin hawa. Ga 'yan wasa, kyamara ba dandamali ba ce, a rage wurgi da hannu da zare ido. In darakta ya ce sake yi ta wata siga, ba rainawa ya yi ba, yana son ya ga ko kana jin gyara. A nan ne na ga mutane masu baiwa sun maimaita abin da suka yi da farko tiryan-tiryan.

Ya ɗan taɓa bidiyon da ake turawa ta waya: a kwantar da wayar, a fuskanci taga, bango ya zama fili, a nisanci janareta, kada a sa abin gyara fuska. Ya kuma ce mai jin Hausa da Turanci da wani harshen, kamar yadda 'yan Kaduna da yawa suke, ya faɗa tun a gabatarwa.

Yanzu ga inda shirin ya gaza. An ɗebi mutane fiye da abin da ɗakin da lokacin za su ɗauka, har waɗanda ke ƙarshen layi aka haska bidiyonsu a gurguje ba tare da gyara mai ma'ana ba. Dardumar ɗakin cike take da ƙura, fanka tana tayar da ita, wanda bai dace da wurin koyar da lafiyar murya ba. Furodusa ɗaya ne ya zo, ya yi jawabi, aka tattara lambobin waya, shi ke nan.

Wanda ya fi damuna shi ne rashin zama na musamman a kan tsaro da haƙƙi. Wata yarinya ta tambayi abin da za ta yi in aka ce ta biya kuɗi kafin a sa ta a fim, aka ba ta amsa a taƙaice aka wuce. Wannan tambaya ta cancanci sa'a guda. Mai neman ɗan wasa da gaske shi ke biya, ba a biyansa. Tantancewa ba a yinta a ɗakin otal da dare. Mace ta tafi da yayanta ko wata babba, ta kuma sanar da gida inda za ta. Kuɗin aiki da mallakar waƙa a rubuta su a takarda kafin a shiga gaban makirufo. Haka nan ba a ce komai ba game da damuwar da ke bin mutum idan aka yi ta ƙin ɗaukarsa, alhali na san waɗanda hakan ya hana su barci har suka bar sana'ar. Horon da ke maganar lafiya ya kamata ya kai nan.

Mawaƙin biki, ɗan amshi, mai gabatarwa a rediyo, har malamin makaranta da ke wuni yana ɗaga murya, duk za su amfana da kashin farko. Mai zuwa don a sa shi a fim kawai ya riƙe kuɗinsa. Kafin ka biya, tambayi mutum nawa za a ɗauka a zama ɗaya, da ko kowa zai samu a duba bidiyonsa a nutse. Ka je da waƙarka ko fitowarka a haddace, da gorar ruwa, kuma ka isa da wuri domin sunanka ya shiga farkon layi.