Gargaɗi kan masu tallar "katifar jirgin ruwa" a Facebook da WhatsApp

Jama'a, musamman iyaye mata masu haɗa wa 'ya'yansu kayan ɗaki da dattawa masu fama da ciwon baya, a yi hattara da wata talla da ke yawo a wayoyinmu. Za ku ga bidiyon wani tsararren ɗaki, tagarsa na kallon teku, ga gado an lailaye shi da farin zani. Sai murya ta biyo baya tana cewa wai katifun manyan jiragen ruwa ne na yawon shaƙatawa, irin waɗanda attajiran Turai da Amurka ke kwana a kai, an sauke su daga jirgi, kwantena ta iso Legas ko Kwatano, kuma saura 'yan kaɗan. Farashin da ake faɗa bai kai rabin na sabuwar katifa mai kyau ba. Sharaɗinsu guda ne: a tura kafin alƙalami, sauran kuɗin sai kaya sun iso tasha.

Wata baiwar Allah a unguwarmu ta faɗa hannunsu ana saura 'yan makonni bikin 'yarta. Da ta tura rabin kuɗin, sai aka kira ta aka ce kwastam sun tare motar a hanya, sai an ƙara wani abu. Ta ƙara. Washegari wani ya kira ya ce shi ne direba, ba zai sauke kaya ba sai an biya shi kuɗin dako. Daga nan layin ya daina shiga, shafin ma aka neme shi aka rasa. Kuɗin adashe ne da ta daɗe tana zubi. Wasu kuma ana kawo musu katifar, amma abin da ke zuwa tsohon soso ne da aka tsinto, ko guntaye da aka manne da gam, aka ɗinka masa sabuwar riga mai sheƙi da hoton anga, ƙarfen da ake tsayar da jirgin ruwa da shi, a jiki. Kafin amarya ta fita daga kwanakin amarci tsakiyarta ta lotsa.

Abin da ya sa mutane masu hankali ke yarda shi ne an gina ƙaryar a kan wani abu na gaskiya. Kamfanonin waɗannan jirage suna kashe kuɗi sosai a kan gado, domin fasinjan da bai yi barci ba ba zai sake dawowa ba. Kamfanin Princess Cruises har sai da ya ɗauko wani masanin barci ɗan Amurka, Dokta Michael Breus, suka tsara gadon da suke kira Princess Luxury Bed. Kamfanin Carnival kuma yana sayar wa fasinjojinsa irin katifa da matasan da ke cikin jiragensa, amma sababbi fil, ta shagonsa na intanet, da dala, kuma farashinsu ba na araha ba ne. Haka nan gaskiya ne ana farfasa tsofaffin jirage a sayar da kayan cikinsu. A shekarar 2020, da korona ta tsayar da harkar cak, an kai jirage da dama tashar Aliağa da ke kusa da Izmir a Turkiyya aka yanyanka su, ciki har da Carnival Fantasy da ya fara aiki tun 1990. A Alang ta jihar Gujarat a Indiya akwai doguwar kasuwa a gefen titi da ba a sayar da komai sai kayan jirgi: kujeru, kwanuka, firji, har da katifu. Hotunan irin waɗannan wurare ne 'yan damfara ke kwasowa daga intanet su ce sitonsu ne.

To amma duk wanda ya san yadda ɗakin jirgi yake zai gane bakin zaren tun daga awo. Ɗakunan fasinja ƙanana ne, ƙofofinsu matsattsu. Mafi yawansu gadaje biyu ne 'yan sirara, kowanne faɗinsa wajen ƙafa uku, waɗanda ma'aikacin ɗaki ke rabawa idan abokai ne suka kama ɗakin, ya haɗe su idan mata da miji ne. Shi ya sa ɗaya daga cikin ƙorafe-ƙorafen da fasinjoji suka fi yi shi ne ramin da ke tsakiyar gado, inda katifun biyu suka haɗu. Babbar katifa guda ɗaya sai a manyan ɗakuna masu tsada, kuma ba su da yawa a kowane jirgi. To ta ina mai talla ya samo kwantena cike da shida da shida, da shida da bakwai, daidai awon gadajen da kafintocinmu ke yi? Har ma yana tambayarki inci nawa kike so, goma ko goma sha biyu. Wanda ke iya ba ki kowane awo kika nema, a nan gida yake yanka sosonsa.

Batun laushin ma an zuzuta shi. Katifar jirgi an yi ta ne don ta jure mutane iri-iri, mai ƙiba da siriri, shekara da shekaru, don haka da yawansu tauri gare su. Fasinjoji kan roƙi ma'aikacin ɗaki ya ƙara musu shimfiɗar soso a sama kafin su iya barci. Kyan da kuke gani a bidiyo na zannuwa ne da matasai da iya gyaran gado, ba wanda zai gane ingancin katifa ta hoto. Ita kuwa maganar cewa tana warkar da ciwon baya, wannan ta fi ba ni haushi, saboda da ita ake cutar tsofaffinmu. Mai ciwon baya likita ya kamata ya gani, shi zai faɗa masa irin shimfiɗar da ta dace da shi.

A ce ma katifar da gaske daga jirgi ta fito. Me aka saya? Yawancin tafiye-tafiyen nan kwana uku ne zuwa bakwai, jirgi na sauke fasinja yana ɗaukar wasu a rana guda. Idan mako-mako ake canzawa, mutum 50 ko fiye sun kwana a kan katifa ɗaya a shekara. Kamfani ba ya fitar da ita sai ta gama aikinta ko kuma za a farfasa jirgin. Daga nan ta zauna a fili ko a sito a bakin teku tana shan danshi, sannan ta yi makonni a rufe cikin kwantena. Ga fumfuna, ga kuɗin cizo, wanda ke iya yin watanni a ɓoye cikin ɗinki bai ci komai ba, kuma duk wadda ta taɓa yaƙi da shi a gida ta san ba a raba shi da ɗaki cikin sauƙi. Wannan ba abin da uwa za ta kai ɗakin 'yarta ba ne, ko da kyauta aka ba ta.

Wasu daga cikinsu sun waye, suna nuna wata takarda da aka ɗinka a gefen katifa wai shaidar jirgi ce. Gaskiya ne kayan shimfiɗar jiragen fasinja sai sun ci gwajin gobara na hukumar kula da sufurin teku ta duniya, IMO, inda ake gwada su da taba sigari mai ci da kuma ɗan harshen wuta, kuma waɗanda aka amince da su a Tarayyar Turai suna ɗauke da tambarin sitiyarin jirgi tare da lambobi. Sai dai buga irin wannan takarda ba ya gagarar kowane mai injin ɗab'i a gari. Takarda ba ta isa hujja ba idan mai kaya ya ƙi a ga kayan ido da ido.

Don haka kada a tura ko sisi kafin a ga katifa. A je da kai ko a tura ɗan'uwa amintacce, ya kwanta a kai na ɗan lokaci, ya danna tsakiya da gefuna, ya shinshina. Idan tana da zif a zuge a duba cikin. Idan an ɗinke ta ruf kuma mai ita ya hana a farke ɗan gefe, a bar masa kayarsa. Wanda ya ce sitonsa na Legas, a ce ya yi kiran bidiyo yana tsaye a cikin siton, ya ɗaga katifar da aka nuna masa. A lura da sunan da ke kan asusun banki: idan shafin na ɗauke da sunan kamfani amma asusun na wani mutum ne daban, ko kuma kullum sabuwar lamba ake bayarwa, biri ya yi kama da mutum. Kada kuma a ruɗu da masu yabo a ƙarƙashin tallar, sau da yawa su ne da kansu da wasu sunaye. Wanda kuɗinsa bai kai na babbar katifa ba, gara ya je wurin dilan kamfanonin gida da aka sani, irin su Vitafoam da Mouka, ya sayi daidai ƙarfinsa, ya karɓi rasit da takardar garanti, ya kuma duba tambarin hukumar kula da ingancin kaya, SON. Ko ba komai ya san shagon da zai koma idan ta lalace.

Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, don Allah kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya garzaya bankinsa a ranar, ya shigar da ƙorafi a rubuce domin a nemi bankin da kuɗin ya shiga ya riƙe asusun, tunda mutanen nan ba sa barin kuɗi su kwana. Ya ɗauki hoton tallar da hirarsu da shaidar tura kuɗi kafin a goge shafin, ya kai wa 'yan sanda ko ofishin EFCC mafi kusa. Idan kaya sun zo amma na jabu ne, hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, tana karɓar irin wannan ƙara. Idan kuma suka sake kira suna cewa a ƙara kuɗi kaɗan a saki kaya, ko wani ya ɓullo ya ce zai ƙwato muku kuɗinku in kun biya shi lada, kada a tura, su ɗin ne dai suka dawo ta wata ƙofa.