Jakar kayan gyaran keke ta ƙarƙashin sirdi: alankin ya yi, famfon kuwa sai dai Allah ya isa

Kun san jakar nan baƙa da ake ɗaurawa ƙarƙashin sirdin keke, wadda masu sayar da kaya a Instagram da WhatsApp suka cika mu da tallanta wai komai da komai yana ciki, kai dai ka ɗaura ka shiga daji, to ita na saya, kuma kuɗinta kun san shi ba sai na faɗa ba. A ciki akwai ƙaramin famfo mai tiyo, da abin nan mai naɗewa da ke ɗauke da alanki kala-kala, wato ƙarafan kwance noti mai rami a ka, da sukudireba da abin cire ƙusar sarƙa, da robobi biyu na ɓare taya, da 'yar kwalin faci mai sholisho da samfefa, sai wani ɗan ƙarfe ruwan tagulla da ko kallo bai ishe ni ba lokacin da na buɗe. Ranar da ta iso gaskiya ta burge ni, ɗinkin ya yi kyau, ta zauna daram ba ta lilo, har na ce a raina wannan huɗu cikin biyar zan ba ta.

Kekena na gwanjo ne, taya mai inci 29, giya 10 a baya, birkin faifai, kuma tif nake sawa mai siririn bawul ɗin nan Presta, ba mai kauri irin na mota da mashin ba. Wanda yake hawa cikin gari ba zai gane me ya sa muke damuwa da kayan gyara ba, don a cikin Jos ko'ina ka tsaya ga mai faci nan a bakin titi. Amma in ka wuce dam ɗin Lamingo ka fara shiga duwatsun Shere labari ya canza, wurin da ƙololuwarsa ta kai mita 1,829, hanyar duk ta ƙafa ce da ta shanu, dutse mai kaifi ta ko'ina, ga ƙaya, ga sabis ɗin waya yana zuwa yana ɗaukewa. A can abin da ke ƙarƙashin sirdinka shi ne makanikenka.

Wata Asabar da sanyin safiya muka fita ni da wani abokin hawana, lokacin ruwa ya ɗauke hunturu ya fara shigowa. Hawan lafiya lau. A gangarowa ne, wani wuri da hanya ta matse tsakanin duwatsu biyu, na ji fuuu a baya, kafin in taka ƙasa tayar ta kwanta. Da na duba gefen tayar ne dutse ya yanka, yanka mai tsayi da ɗan yatsa zai shiga, tif ɗin ciki ma ya tsage ba maganar faci. Ban damu ba wlh, har ina ɗan jin daɗi ma yau zan gwada kayana. Robobin ɓare tayar sun yi aikinsu, ba su lanƙwashe ba ba su karye ba, wannan na yaba. Na ciro sabon tif ɗina wanda na saya daban, don jakar ba ta zuwa da tif. Yankan gefen kuma dole a toshe shi ta ciki in ba haka ba sabon tif ɗin zai leƙo ta ramin ya fashe, sai na ninka naira hamsin ta leda na shimfiɗa ta tsakanin tif da taya. Wannan dabarar tana ci sosai da kuɗinmu na leda, naira biyar, goma, ashirin da hamsin, don ba sa saurin yagewa ba sa jiƙewa, ku riƙa barin ɗaya a jaka.

Sai aka zo kan famfo.

Shi famfon nan bakin tiyonsa murɗawa ake yi a kan bawul. Na murɗa, na fara bugawa, kuma duk wanda ya taɓa cika tayar 29 da ɗan ƙaramin famfo ya san wahalar, ka yi ta bugu hannu ya sage iskar kamar ba ta shiga, ga sanyi yatsu sun ƙandare. Na daure har tayar ta yi tauri yadda nake so. Ina kwance tiyon sai ya taho da 'yar zuciyar bawul ɗin gaba ɗaya, iskar da na sha wahala a kanta ta fice cikin ƙiftawar ido. Ga wanda bai sani ba, yawancin bawul ɗin Presta zuciyarsa kwancewa take yi, an yi ta haka ne don a iya canza ta ko a ɗura ruwan toshe huji, to in bakin famfo ya kama ta da ƙarfi fiye da yadda ita ta kama jikin bawul, ita zai kwance. Famfunan kirki masu tiyo suna da ɗan maɓallin sakin iska a baki don a rage matsin kafin a kwance, wannan babu. Na zaro zuciyar daga bakin tiyon da ƙyar, na mayar na ɗaure da yatsa iya ƙarfina, na sake bugu, na sake kwancewa, ya sake tahowa da ita. Na juya abin alankin nan gaba da baya ina neman 'yar tsagar da za ta kama zuciyar in ɗaure ta da kyau, babu ko ɗaya da ta yi daidai. Kamfani ya haɗa maka famfon da ke kwance zuciyar bawul a jaka ɗaya da kayan aikin da ba za su iya ɗaure ta ba, don Allah wa ya zauna ya tsara wannan?

Abokina shi tayarsa mai bawul mai kauri ce kuma famfonsa bakin guda ɗaya ne, bai shiga nawa. Daga ƙarshe dai na samu na kwance tiyon a hankali a hankali, rabin iskar ta tsere rabi ta zauna, na ce mu lallaɓa haka. To taya mai laushi a kan dutse kun san ƙarshenta. Ba mu yi nisa ba na daki wani dutse, rim ya matse tif ɗin ya yi masa huji biyu gefe da gefe, irin wanda mahaya ke kira cizon maciji. Yanzu tif biyu duk sun tashi aiki, saura faci.

Na buɗe kwalin faci, sholishon sabo fil bakinsa a like ba a taɓa huda shi ba. Na huda na matsa, iska ce kawai ta fito, na ƙara matsawa sai ga wani ɗan abu ya leƙo ya bushe kamar ƙanzo. Wallahi a wurin nan sai da na zauna a kan dutse na yi shiru, abokina yana ta ba ni haƙuri yana danne dariya. Ko shekara nawa kayan suka yi a ajiye cikin zafi kafin su zo hannuna, oho. An ce araha ba ta ado, to wannan ai ba ma araha ba ce.

Haka na tura keke. Turin keke a gangaren dutse da taya a kwance wani aiki ne daban, wani wurin sai ka saɓa shi a kafaɗa don kar rim ya lotsa, rana ta fito sanyi ya gudu, ruwan gorata ya ƙare. Sai wajen azahar muka fito wani ƙauye a gefen hanyar mota, muka samu wani dattijo mai faci a gindin mangwaro da famfonsa na ƙafa da tulin tsofaffin tif na mashin.

Na ce Baba sannu da aiki, ya ce yauwa ɗana, daga ina haka da keke a kafaɗa? Na nuna masa dutse. Ya kalli dutsen ya kalle ni ya ce to me kuka je nema a can, na ce motsa jiki, ya ce Allah ya kyauta. Ya karɓi tif ɗin ya tsoma a ruwa ya ga hujin biyu, ya goge wurin da samfefa sosai, ya shafa sholishonsa na gwangwani, ya ajiye ya ci gaba da hira da abokina. Na ce Baba ba za a manna ba, ya ce kai dai yaran nan gaggawa, sai ya sha iska ya daina ƙyalli tukuna, in ka manna da danshi ba zai kama ba. Kuma gaskiyarsa ne, sholisho sai ya bushe ya zama mai ɗan danƙo kafin a ɗora faci. Facin ma daga tsohon tif ya yanko da almakashi. Zuciyar bawul ɗin kuwa filaya ya sa ya ɗan murɗa ta sau ɗaya shi ke nan, abin da ya hana ni sakat tun safe.

Da aka zo bugun iska bakin famfonsa ya yi wa bawul ɗina yawa, na mashin ne. Ya ce ɗana wannan siririn abin naka ban da bakinsa. Nan ne na tuna ɗan ƙarfen tagullan nan da ke ƙasan jakar, na zazzage na same shi, ashe adafta ce, ana murɗa ta a kan Presta sai ya koma mai kauri irin na mota. Bugu kaɗan taya ta cika tam. Baba ya karɓa yana jujjuya ta yana cewa ikon Allah. Gaskiya a lokacin sai da zuciyata ta ɗan sauko game da jakar, don abu mafi ƙanƙanta a cikinta shi ya dawo da ni gida a kan keke, kuma a ƙasar nan da kowane mai faci da kowane gidan mai bakin famfonsu na mota da mashin ne, duk mai siririn bawul ya kamata ya mallaki wannan adaftar ko da bai sayi komai ba. Naira hamsin ɗin ma tana nan a cikin tayar har na isa gida ba ta gusa ba.

Abin alankin shi ma ba zan ci haƙƙinsa ba. Ƙarfen mai kyau ne, alanki lamba 4 da 5 da 6 duk suna kama noti ba sa cinye kai, akwai mai tauraro T25 na notikan faifan birki wanda da yawa ba sa sakawa. Wata fitar daban sarƙar abokina ta tsinke a hawa, da abin cire ƙusar nan muka fitar da gaɓar da ta lalace, ya tura ƙusar sumul bai lanƙwashe ba. Sai dai hannunsa gajere ne sai ka ci baƙar wahala kafin ya juya, kuma a cikin alankin babu lamba 8, in feda ko hannun feda ya saki a daji sai dai kallo. Ba su sa 'yar mahaɗar sarƙa ba, ni na nemo tawa, kuma ku kula ita wannan ta giya 9 daban ta 10 daban ta 11 daban, don faɗin sarƙar ba ɗaya ba ne, kar a ba ku kowace a ce duk ɗaya ne. Na ƙara da hanga, ɗan ƙarfen nan mai laushi da ke riƙe abin canza giya na baya, wanda da gangan aka yi shi ya lanƙwashe ko ya karye in an faɗi don kar jikin keken ya samu matsala, kowane keke da irin tasa kuma ba abu ba ne da za ka samu a ƙauye. Da kebul tai 'yan kaɗan, siririyar robar nan da ake zargewa ta kulle, da guntun roba na ɗauri, duk sun shiga jakar, sai dai in ka sa tif na 29 zif ɗin da ƙyar yake rufuwa, ƙurar hunturu kuma ta fara sa shi cijewa.

Da a nan abin ya tsaya da na ce uku cikin biyar mu rabu lafiya. Amma na yi wa mai kayan magana, na tura masa hoton sholishon da bidiyon yadda famfon ke zaro zuciyar bawul, cikin mutunci na ce Alhaji ga abin da ya faru a duba. Ya buɗe ya gani bai ce komai ba. Da na sake tuntuɓa sai ya ce wai ban iya amfani da shi ba ne, kowa yana saye ba wanda ya taɓa kawo ƙorafi, in ina so akwai wani famfon mai kyau sai in ƙaro kuɗi. Wato ya san akwai mai kyau ya san wannan ba shi ba ne. Sholishon kuwa ko ambatonsa bai yi ba. Wannan amsar ta fi turin keken ƙona min rai wlh, don mutum ya sayar maka da abin da za ka dogara da shi a inda ba kowa, sannan ya ce kai ne ba ka iya ba.

Wasu sun ce in koma 'yar kwalbar iskar gas ɗin nan ta CO2, ana ɗaurawa taya ta cika nan take. Na ga ana amfani da ita, tana da sauri kam, amma harbi ɗaya ce, mai giram 16 ma ba ta cika babbar tayar 29 yadda ya kamata, ga shi iskarta tana saurin zurarewa daga tif washegari sai ka sake bugawa, kuma samunta a nan ba kullum ba. Ni dai na sayi wani famfon mai bakin da ake dannawa a kulle da ɗan hannu, ba murɗawa, na ɗaure shi a jikin keke kusa da gora. Sholisho kuma ƙanana nake saye a wajen masu kayan mashin, in matsa in ji da ruwa a ciki kafin in biya, wanda na riga na huda ba na barinsa a jaka ya daɗe. Na samo 'yar robar ɗaure zuciyar bawul ita ma na jefa ciki.

Don haka biyu cikin biyar na ba ta, ɗaya na alankin ɗaya na adaftar. Wanda ya riga ya saya ya cire famfon da kwalin facin tun a gida ya gwada su a tsakar gida kafin ya nufi Shere. Nawa famfon yana wajen yara suna hura ƙwallo da shi, can ma sun ce yana yoyo.