Abin da bai fito a hotunan Hurgada ba

Hotunan hutunmu da na ɗora a Facebook sun jawo mini tambayoyi daga Argungu da Birnin Kebbi, musamman daga angwaye masu son fitar da amarya, da waɗanda ke zuwa nan Alƙahira ganin likita suna so su ɗan sha iska kafin su koma. Kowa tambayarsa ɗaya, nawa ne kuɗin ɗaki. Ni kuwa akwai tambayar da nake so ku fara yi wa otal kafin ta kuɗi: da wane kaya za a bar matarka ta shiga ruwa?

Hurgada gari ne a Masar, a bakin Bahar Maliya, tafiyar awa 5 zuwa 6 a mota daga Alƙahira, kuma otal-otal ne jere a gaɓar teku, akasarin baƙinsu Jamusawa da Rashawa. Wanda muka sauka babu laifi a ido. Da hantsi Maman yara ta shiga tafkin ninƙaya da ƙaramarmu, sanye da kayan wankan nan masu rufe jiki duka da ake kira burkini, waɗanda don ruwa aka ɗinka su. Ko jiƙa kanta ba ta gama yi ba wani ma'aikaci ya busa usur, ya nuna ta da yatsa, ya ce ta fito. A gefenta ga mata nan kusan tsirara a kwance, ba wanda ya ce musu uffan. Ta fito ruwa na ɗiga, idon kowa a kanta, yarinya na kuka tana tambayar laifin da suka yi.

Na je wurin manaja raina a ɓace. Mutum ne mai tabon sallah a goshi, ya karɓe ni da fara'a, ya kira ni ɗan'uwa, sannan ya zaro takardar dokokin otal ya nuna mini wani layi da aka rubuta da ƙananan haruffa. Ya ce teku ta Allah ce, ta shiga yadda take so, amma tafki nasu ne, kuma Turawa na ƙorafi. Muna cikin maganar aka kira azahar a masallacin da ke bayan katangarsu. A ƙasar Azhar fa ke nan! Da a Faransa aka yi mini haka da ban ji ciwonsa sosai ba. Har muka bar garin baiwar Allah ba ta ƙara kusantar tafkin ba, kuma kuɗinmu ba a rage ko fam ɗaya ba.

Ba duka otal ɗin ne haka ba, da yawa ba ruwansu, wasu ma sun keɓe wa mata wurinsu. Amma ba za ka gane daga hoto ba. Ka rubuta musu ta WhatsApp ko imel, su amsa maka a rubuce, ka ajiye amsar a waya. A saƙon ka haɗa da maganar takardar aure, don a Masar ana iya neman ta wurin ma'aurata Musulmi, kuma auren da aka ɗaura a zaure da goro da alewa ba shi da hujja a teburin karɓar baƙi. Ka kuma tabbatar farashin da ka gani na baƙo ne, domin akwai rangwamen da 'yan ƙasa da masu iƙama kaɗai ke samu, in ka iso da fasfo kore a ce ka cika.

Sai ita tekun. Wani otal ɗin a bayan wani yake, sai an ɗauke ka a ƙaramar bas kafin ka ga ruwa, kuma bas ɗin da lokacinta. Wanda ke bakin ruwan ma, ka tambaya ko yashi ne. Wurare da yawa duwatsun murjani ne masu yanka ƙafa, da wata halitta baƙa mai ƙaya kamar bushiya, sai ka bi doguwar gadar katako ka sauka inda ruwa ya fi ƙarfin yaro. Ranar da iska ta taso a kafa jan tuta, ba mai shiga. Ɗan Kabi da ke taƙama da iyo ya sani ruwan nan gishiri ne mai ƙona ido, ba kogin Matan Fada na Argungu ba ne.

Duk da haushin da na ƙunsa, aikinsu ya burge ni. Gari ne a hamada, ba kogi, ruwan sama sai a shekara ba a gani ba, ruwan teku suke tacewa, amma famfo bai taɓa ƙafewa ba, wuta ko ƙiftawa ba ta yi ba, zanin gado fari fat. Mu da muke da Neja a Yauri, da tafkin Kainji, da bikin kamun kifin Argungu da ake yi tun 1934 har UNESCO ta sa shi a jerin al'adun duniya a 2016, baƙonmu sai ya kama ɗaki ya tarar da bokiti a banɗaki, a kashe janareta sha biyun dare, in ya yi magana a ce ya yi haƙuri. A gina wuri da kuɗi mai yawa, a yanka kirtani, shekara biyu ƙwan fitila ya gagari sauyawa. Sai dai a can gida ba wanda zai busa wa matata usur.

Abinci kuwa tsarin biya gaba ɗaya ne, a ɗaura maka wani roba a hannu ka ci safe, rana da dare. Giya na cikin kuɗin, ka sha ko kada ka sha, don haka ka tambaya ko suna da farashin da babu ita. Kifinsu ga yawa ga kyan gani, amma salam a baki, ina ci ina tuna farfesun giwan ruwa da tuwon shinkafar gida. Ku taho da yajinku.

Wanda ke da zaɓi ya zo a Oktoba ko Nuwamba, ko Afrilu. Yuli da Agusta rana ba ta da mutunci ko ga wanda ya girma a Kebbi, a Janairu kuma iska mai sanyi ke korar yara daga ruwa. Hutun Sallah Misirawa da kansu ke cika wurin, ɗaki ya yi tsada, layin abinci ya kai ƙofa.