Na'urar Auna Sukari Mai Mannewa a Dantse: Sharhina Daga Makka

Masu ciwon sukari da yawa a cikin jama'armu ta unguwannin Shari'ul Mansur da Hindawiyya a Makka suna tambayata ko wannan na'ura da ake mannawa a bayan dantse ta cancanci kuɗinta, ganin cewa kowane faifai, wato ɗan abin da ake mannawa a fata, kwana 14 kacal yake yi kafin a canja shi. Amsata ita ce ta cancanta, amma ga wanda yake da tambayar da awon sukari ta hanyar tsiran yatsa ya kasa amsa masa.

Tambayata ita ce dalilin da ya sa nake kwanciya da sukari daidai, ban ci komai ba cikin dare, sannan in tashi sallar asuba in tarar ya haura. Na daɗe ina zargin kabsa, wato shinkafa da nama irin ta Saudiyya, da dabinon bayan isha'i. Da na'urar ta fara zana layin hawa da saukar sukarina na dare a wayata, sai na ga sukarin yana kwance lafiya har tsakar dare ta wuce, kuma ba ya fara hawa sai daf da kiran sallar farko.

Na'urar layi kawai take nunawa, likita ce ta fassara mini shi, kuma bayaninta ne ya sa na ga darajar abin da na saya. Gulukos, wato sukarin da ke cikin jini, ba ya shiga ƙwayoyin tsoka da na kitse da kansa, galibi sai ta hanyar wani furotin mai suna GLUT4, wanda aka gano a 1988. Yawancin wannan furotin yana ɓoye ne a cikin ƙwayar halitta, sai insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, ya iso ya ba da umarni sannan ya fito saman fatarta, tamkar ɗan dako da ba ya zuwa bakin ƙofa sai an kira shi. Sinadarin girma kuwa, wanda ƙullin fituitari da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yake fitarwa musamman a lokacin barci mai nauyi, yana narkar da kitse ya watsa shi cikin jini, sai tsoka ta koma ƙona kitsen ta rage jin kiran insulin, hanta kuma ta ƙara sakin sukari. Tasirinsa ba ya bayyana nan take, yakan ɗauki sa'o'i, shi ya sa sinadarin da aka fitar a farkon barci yake nuna kansa da asuba. Mai lafiya yakan ƙara fitar da insulin ya rufe giɓin; mu ne ba ma iyawa. Ashe ma tsohon ilimi ne, domin Bernardo Houssay ɗan Ajantina ya karɓi lambar Nobel a 1947 saboda aikinsa kan rawar da fituitari ke takawa a sarrafa sukari.

Bisa wannan layi likitar ta gyara lokacin allurata ta dare, abin da ba na ba kowa shawarar ya yi da kansa. Na kuma ga wani abu da idona: duk ranar da na taka zuwa Harami na yi ɗawafi, layin yakan sauka a hankali, saboda motsin tsoka yana fito da GLUT4 ko da insulin bai kira shi ba.

Na'urar tana da nakasu. Ba jini take aunawa ba, ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin halitta ne, don haka takan yi jinkirin wasu mintoci idan sukari yana sauyawa da sauri, kuma dole a ci gaba da riƙe na'urar tsiran yatsa don tabbatarwa. Idan mutum ya kwanta a kan dantsen da take, takan nuna sukari ya faɗi ƙasa da 70, wato ya yi ƙasa sosai, alhali bai faɗi ba. Zafin Makka da gumi suna sassauta ɗankon, kuma ga namiji mai harami, cunkoson ɗawafi yana iya fizge ta, sai dai a ƙara filasta a kai. Alwala kam ba ta da matsala, tunda tana sama da gwiwar hannu.

Wanda ke shan ƙwaya kaɗai kuma sukarinsa ba ya wasa da shi, ba na jin yana bukatar ɗaura wa kansa wannan kashe kuɗi kowane wata. Mai allurar insulin da sukarin asuba ke rikita shi kuwa, ko faifai ɗaya ya saya ya isa ya kai wa likitansa layin dare na mako biyu, musamman kafin azumi, lokacin da sahur ke faɗowa daidai sa'o'in da sukarin yake hawa.