UPDATE ko REPLACE: wanda ya cece ni da wanda ya ci min kuɗi

Ɗan'uwa, kan tambayarka ta yadda za ka canza farashin kaya a teburinka na MySQL, manhajar rumbun bayanai, tsakanin umarnin UPDATE da na REPLACE, ɗauki UPDATE ka huta.

Da shi nake aiki a kantin maganin yayana. Wata rana kaya suka tashi a kasuwa, ya ce in ƙara kashi 10 cikin 100 a kan magungunan ruwa na yara kaɗai. Na buɗe da START TRANSACTION, na rubuta UPDATE kaya SET farashi = farashi * 1.1, sai waya ta yi ƙara. Ina amsawa ina danna madanni, ashe na tura umarnin babu WHERE, wato sharaɗin da ke zaɓar layukan da za a canza. Da na duba, duk layukan teburin sun canza, har auduga da sirinji sun yi tsada. Nan take gumi ya karyo min. Na buga ROLLBACK, umarnin soke canji, komai ya koma yadda yake. Yaya yana can gaban kanta yana ba wata tsohuwa canji, bai san wainar da ake toyawa ba. Har yau ban faɗa masa ba.

Amma ka lura, abu biyu ne suka cece ni. MySQL yana adana kowane umarni da zarar ka tura shi, sai in ka buɗe START TRANSACTION tukuna, wanda ke ba ka damar soke canjin kafin a adana shi. Sannan teburin InnoDB ne, wato nau'in teburin da ke karɓar ROLLBACK. Da nau'in MyISAM ne, da ROLLBACK bai dawo da komai ba. Tun daga MySQL 5.5 InnoDB ne ke zuwa kai tsaye, sai dai tsofaffin manhajoji na nan da MyISAM, don haka duba naka da SHOW CREATE TABLE. Yanzu kafin kowane UPDATE sai na gwada sharaɗin da SELECT, in ga layukan da zai taɓa da idona, sannan in canza, in ƙirga, in yi COMMIT don adana canjin. In kuma Workbench, manhajar aiki da MySQL, ya tare ka da kuskure mai lamba 1175, kada ka yi saurin kashe wannan kariyar, mai gadi ce da ke hana irin wannan UPDATE marar WHERE.

REPLACE kuwa, to, yana aiki. Sai dai ba gyara yake yi ba: goge tsohon layi yake yi ya saka sabo. Duk kwalam ɗin da ba ka ambata ba, abin da ke cikinsa ya tafi. Wata manhajar kanti da na saya, da REPLACE take canza farashi, teburin ciniki kuma an ɗaure shi da teburin kaya ta ON DELETE CASCADE, wato in an goge kaya, cinikinsu ma ya goge. Duk kayan da na taɓa farashinsu, tarihin cinikinsu ya bi ruwa. Sai ƙarshen wata na gane, da lissafi ya ƙi daidaita. In so kake ka saka layi in babu, ka gyara in akwai, INSERT ... ON DUPLICATE KEY UPDATE ya fi shi.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu yawo da manhaja a filashi suna cewa komai an gama. Wasu riƙe kalmar sirrin rumbun bayanan suke yi, ko farashin kwali ɗaya za ka gyara sai ka kira su ka biya. Kafin ka ba da ko sisi, a ba ka kalmar sirrin a hannu, a kwafi bayanan da mysqldump a gabanka, a kuma dawo da kwafin kan wata kwamfutar kana kallo.